Dattijo da Saurayi a Gidan Hawaja

Na shiga Jidda kwana tara bayan an sauko daga Arfa. Shekara biyu da 'yan watanni na yi bisa hanya daga ƙauyenmu na ƙasar Gumel, kuma abin da ya fito da ni ke nan, in tsaya a Arfa sau ɗaya kafin in mutu. Lokacin na ba shekara arba'in baya. Na bar matata Hauwa da 'ya'ya uku a hannun ƙanena, na ce musu ba zan wuce shekara uku ba.

Zangon da na fi daɗewa shi ne Wad Madani a ƙasar Sudan. Na tsinci auduga kaka biyu. Tsakanin kakar nan kuma na zauna wurin wani Bakano mai wanki da guga, shi ya koya mini yadda ake hura dutsen guga na gawayi, da yadda ake fesa ruwa da baki a kan farar riga ba tare da ta yi tabo ba. Mutumin kirki ne, sai dai faɗa. Na ƙona masa wando biyu kafin hannuna ya faɗa.

A Sawakin aka cuce mu. Mai kwalekwalen da muka yi ciniki da shi ya ce kwana uku za mu tashi. Ya ajiye mu a bakin teku sati uku, kullum sai ya ce iska ba ta yi daidai ba. Ashe jira yake jirginsa ya cika. Da muka ƙetare, da asuba ya sauke mu a wani gaɓa inda babu gida babu bishiya, ya nuna wani tudu ya ce Jidda tana bayansa. Muka hau tudun, sai wani tudun. Kwana shida muka yi muna bin bakin teku da ƙafa. Rana ta huɗu wata Balarabiya mai kiwon awaki ta tatsar mana nono, ta ba mu dabino cikin gefen mayafinta, ba ta ko tsaya mun yi godiya ba. Rana ta biyar muka fara gamuwa da mutanen Yaman suna komawa gida da aski sabo a kansu. Kowa a cikinmu ya gane Hajji ya wuce mu.

A Karantina na sauka, unguwar mutanenmu da ke kudancin gari, inda ɗakuna na gwangwani ne da katako da kwali. Wata tsohuwa mai suna Inna Talatu, mai sayar da waina da daddawa, ta gan ni zaune a gindin bango ƙafafuna sun tsattsage. Ta tambayi garinmu, na faɗa. Ta ce ita tana goye aka zo da ita, ba ta san ko'ina ba sai nan, amma uwarta mutuniyar Haɗejiya ce, saboda haka mu maƙwabta ne. Ta ba ni tuwo da miyar kuka. Ina ci hawaye na zuba, ta yi kamar ba ta gani ba.

Da na gama ta ce, "Ɗana, saurara. Wata goma sha ɗaya ke gabanka kafin wani Hajjin. A garin nan mai iƙama, takardar izinin zama, shi ne mutum. Marar ita, in askar, 'yan sandansu, suka kama shi, jirgi za a sa shi, halas, shi ke nan. Kuma akwai shinge a hanyar Makka, can ma takarda ake tambaya."

Na ce, "Inna, ina ake samunta?"

Ta ce, "Sai da kafili, wanda zai tsaya maka. Kai dai nemi abin yi, ka rage yawo."

Abin yi na farko ɗiban ruwa ne a Balad, tsohon gari. Garwa biyu a sanda, sandar a kafaɗa, ka hau bene hawa huɗu ta matsattsen tsani mai duhu, ka juye a randa, ka sauko. Matan gidan ba ka ganinsu, sai dai murya daga bayan katakon taga tana cewa ka ƙaro. Kafaɗata ta yi kanta, ta fashe, ta sake yin wata. Wannan bai dame ni ba kamar lokacin da na ƙirga watanni na ga damina ta faɗi a gida. Nan sama fes, sai zafi da gumin teku. Ina tafe da garwa ina tunanin wa ya yi mini noman farko, ko ƙanena ya tuna da gyaran rumbu. Wata rana na tsaya a kan tsani ina shaƙar ƙamshin ƙasar da ruwan garwata ya jiƙa, har mai gidan ya leƙo ya ce ko na suma ne.

Wata na biyar Inna Talatu ta haɗa ni da ɗan'uwanta, Am Salihu, wanda ke dafa abinci a gidan wani Bature a unguwar Sharafiyya. Haifaffen Jidda ne, ya kai sittin, Hausarsa rabi Larabci. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne mai guga? Wallahi hannunka na mai fartanya ne, ya shekh."

Na ce, "Baba, fartanyar ma iya ta ake yi."

Ya yi dariya ya ce, "Ɗan ƙauye da baki. Yalla, mu je Hawaja ya gan ka."

Hawaja shi ne sunan da ake kiran kowane Bature a can, mu ma da shi muke kiran namu. Ba'amurke ne, dogo, ja kamar an gasa shi, injiniya a wani kamfani mai shimfiɗa bututun ruwa. Shi kaɗai yake zaune, iyalinsa suna ƙasarsu. Larabcinsa gurgu, nawa na Sudan, a haka muka riƙa fahimtar juna. Ya ba ni riga ɗaya na goge, ya ɗaga ta a haske, ya ce in zauna. Bayan wata biyu Am Salihu ya kai masa maganar iƙamata. Ya ce akwai Balaraben da ke tsaya wa ma'aikatan kamfaninsu, zai sa sunana, takarda za ta fito kafin Hajji. Ya miƙo mini hannu a kan haka. Tun daga ranar na fara barci sosai.

A falon gidan akwai wani ƙaramin kabad mai makulli, makullin yana ƙarƙashin rediyo. Satin farko Am Salihu ya ja ni gefe ya ce kwalba biyu ne a ciki, na wuski, kuma ko a mafarki kada in ambace su a Karantina, don a ƙasar nan abin na kai mutum ga bulala da kora. Na ce, "Baba, ni fa Hajji na zo. Ba zan yi tafiyar shekara biyu in zo in yi wa barasa hidima ba."

Ya ce, "Wa ya ce ka yi? Shi ke zubawa, shi ke wanke kofinsa. Shekara huɗu ina gidan nan ban ɗauki ko murfin ba. Kai da wando ne aikinka, ya Garba."

Na ɗaukar wa kaina doka: ba zan taɓa ba, ba zan kalla ba. In ina shara na zo wurin kabad ɗin, sai in goge samansa fuskata a gefe. In na ji ƙarar makulli, sai in ba da baya.

Am Salihu ne ya laƙaba wa kwalaben suna, Dattijo da Saurayi, Hawaja kuma ya ji daɗin sunan har ya koye shi da Hausa. Da yamma, kafin magariba, yakan zauna a baranda da kofinsa, ni kuma ina guga a ɗaya gefen, bayana gare shi. Mutum ne mai kaɗaici, yana son magana. Da ya ji ni manomi ne sai ya sami abokin hira. Ya ce Dattijo da masara ake yinsa, burbon suke ce masa. Ana zuba shi a ganga ta itace wadda aka babbake cikinta, a ajiye a rumfa, zafi ya wuce sanyi ya wuce, shekara goma sha biyar. Ya ce a lokacin nan itacen yana ba shi launi, yana kashe masa kaifi, har ya koma mai laushi kamar sukarin da ya soma ƙonewa. Saurayi kuwa da wani hatsi ake yinsa mai kama da alkama, rayi, shekararsa huɗu kacal, yana cizon harshe kamar barkono.

Na ce, ban juyo ba, "To wanne ka fi so?"

Ya ce wannan tambaya ce mai wuya. Ranar da ya gaji da ƙura da faɗan leburori, Saurayi yake so, don yana tashe shi. Shi yake sha kullum, in ya ƙare wani abokinsa na jirgin ruwa yana kawo wani. Dattijo kuwa sau ɗaya a shekara yake buɗe shi, ya ɗiga kaɗan. Ubansa a rumfar gangunan nan ya yi aiki duk rayuwarsa, yana mirgina su, kuma shi ya ba shi kwalbar da hannunsa ranar da zai taho. Bayan wata bakwai uban ya rasu, Hawaja yana nan Jidda, bai sami zuwa jana'iza ba. Ranar da ta zagayo ce yake buɗewa.

Na ce mu ma a wurinmu haka gero yake. Sabon gero shi ne na fura, ƙamshinsa har waje. Amma uwargida mai hankali tsohon gero take nema in za ta yi tuwo, wanda ya shekara biyu a rumbu, don ya fi auki, ya fi kwanciya a ciki. Hawaja ya buga cinya ya ce shi ke nan, na gane. Am Salihu ya leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"A'uzu billahi! Yau ga alhaji yana tafsirin giya da gero."

Na ce, "Baba, ni geron na sani. Sauran kai ka raɗa musu suna."

A haka watanni suka tafi. Azumi ya zo ya wuce, Hawaja bai taɓa cin ko biskit a gabanmu ba. Jiragen alhazai suka fara cika tashar ruwa. Na sayi haramina a Balad, na wanke, na goge, na naɗe a ƙarƙashin matashina. Takarda dai kullum tana ofis, saura sa hannu. Am Salihu kuwa kowace shekara yakan ɗauki hutu ya tafi Makka da wuri, yana dafa wa ayarin alhazai abinci. Saura sati biyu Arfa ya tafi, ya bar ni da gida, bayan ya koya mini miya iri biyu da dafa ƙwai.

Saura kwana goma sha biyu, da hantsi, malamin ofis na kamfanin, wani Basudane, ya zo a guje. Motar Hawaja ta yi karo da babbar mota a hanyar aiki, ƙafarsa ta karye, yana asibiti yana nemana. Na same shi kwance fari fat, ƙafa a rataye. Ya jira ma'aikacin asibitin ya fita, ya kama hannuna. Ya ce direban babbar motar ya shaida wa askar cewa Bature a buge yake. Ƙarya ce, da safe ne, ko shayi bai gama sha ba. Amma za su je binciken gida bayan la'asar. In suka ga kwalaben za a kore shi daga ƙasar, ni da aka samu a gidan in sha bulala, takarda kuma ta bi ruwa.

Ya ce, "Saurayi, zubar. Ana samun wani. Dattijo, ɓoye. Don Allah, Garba. Amana."

Kalmar nan ta amana da Larabci ya faɗe ta, kuma ya san nauyinta a wurinmu. Daga asibiti zuwa Sharafiyya da ƙafa na tafi, ina ta juya abin. In zubar da duka biyun, na huta, na ci amanar mutumin da bai taɓa yi mini ko tsawa ba. In ɓoye ɗaya, na ɗauki barasa da hannuna, saura kwana goma sha biyu in ɗaura harami. Har na isa ƙofar gida ban sami amsar da ta kwanta mini ba. Na yi sallar azahar, na ce Allah ka ga zuciyata, na ɗauko makulli a ƙarƙashin rediyo.

Ranar na fara ganinsu da idona. Kwalba biyu, tsawonsu ɗaya, ruwan ciki ja kamar shayi. Akwai rubutu a jikinsu, amma lokacin ban san ko baƙi ɗaya na boko ba. Yanzu da na zauna a ajin manya na san shekarun suna nan rubuce da lamba ƙuru-ƙuru. A ranar kuwa ido kawai gare ni, na yi aiki da shi. Ɗaya tana can ƙurya, fes da ita, kusan cike, takardarta na sheƙi, bakinta da jan kaki kamar yau aka kawo ta daga kanti. Ɗayar tana gaba, ta yi ƙasa da rabi, takardarta ta koɗe ta ɗaye a gefe saboda gumin Jidda, duk shatin yatsu, murfinta ya lotse. Ban ko yi shakka ba. Na naɗe hannuna da tsumma, na ɗauki koɗaɗɗiyar nan a hankali kamar mai ɗaga tsoho daga tabarma, na kai ta bayan gida na tura cikin buhun gawayin guga, har ƙasa. Sabuwar kuma na kai ta gindin darbejiyar tsakar gida, na tona rami, na tuttule ta duka. Kwalbar na farfasa da dutse, na zuba a masai.

Abin da ban yi tunani ba shi ne wari. Ƙasa ta yi zafi, rana tsaka, nan da nan gidan ya ɗauka gaba ɗaya, wani irin ƙamshi mai zaƙi mai hawa kai. Na zuba ruwa garwa biyu, ya ƙaru. Na rufe da yashi, yana nan. Na kunna turaren wuta, sai suka haɗu suka zama wani abu da ya fi na da tona asiri. Ga la'asar ta gabato.

Ina tsaye a ƙofar ɗakina na baya sai idona ya faɗa kan ƙunshin daddawar da Inna Talatu ta ba ni, wadda Am Salihu ya hana ni shiga da ita kicin. Na hura gawayi a kasko, na aza shi a gindin darbejiya, daidai kan ramin, na marmasa daddawa guda huɗu a kan garwashi. Na ɗora tukunya a gefe da kuka da sauran daddawar, na zauna ina kaɗawa. Wanda ya san daddawa a wuta ya san abin da nake nufi. Kafin a kira salla hayaƙinta ya cinye komai, har maƙwabcinmu Bashame ya rufe tagoginsa da ƙarfi.

Askar biyu suka zo tare da malamin ofis. Babbansu ya sa ƙafa a tsakar gida, ya ja baya, ya kai gefen rawaninsa ga hanci.

"Esh hada? Mene ne ya mutu a nan?"

Na miƙe na ce, "Abincinmu ne na Takari, ranka ya daɗe. Maigida ba ya nan, na ce bari in ɗan yi na gida. Bismilla."

Ya ce Allah ya kiyashe shi. Suka shiga falo, suka buɗe kabad, suka ga kofuna, suka duba ƙarƙashin gado da cikin firji. Ƙaramin ya zagaya baya, ya zunguri buhun gawayi da ƙafa, ya dubi takalminsa da ya yi baƙi, ya yi tsaki. Ba su yi minti goma sha biyar ba. Da suka fita na zauna a ƙasa. Miyar nan ban iya cin ta ba.

Washegari na je Karantina na faɗa wa Inna Talatu, ita kaɗai. Ta juya wainarta. Ta ce, "Ka yi wanka, ka yi istigfari, kada ka kuma. Allah ya fi mu sanin abin da ya sa." Sannan ta ce, "Daddawata guda nawa ka ƙona?" Na ce huɗu. Ta ce, "Asara. Biyu ma sun isa korar askar."

Bayan kwana huɗu aka dawo da Hawaja, ƙafa cikin farin siminti, yana dogara sanda biyu. An wanke shi daga zargi. Da masu rakiya suka watse ya zauna a baranda yana murmushi, ya ce in kawo masa tsohonsa ya gan shi. Na je na tono ta daga gawayi, na goge da tsumma, na kawo na ajiye a kan tebur, ina jin kaina kamar wanda ya kai amana gida.

Ya dubi kwalbar. Ya dube ni. Murmushin bai tafi gaba ɗaya ba, a hankali ya riƙa janyewa.

Ya ce, "Ɗayar fa?"

Na ce, "Saurayi? Na zubar, yadda ka ce."

Ya ce, "Wannan ne Saurayi."

Na ce ba zai yiwu ba, ya duba da kyau, ga ta duk ta tsufa. Ya ce ta tsufa ne don kullum yana riƙe ta. Ɗayar ba ya taɓa ta, shi ya sa take sabuwa. Bai ɗaga murya ba. Da ya yi faɗa da na fi jin sauƙi.

Ya ce in nuna masa wurin. Na kai shi gindin darbejiya, yana jan ƙafa. Babu abin gani sai toka da busasshen yashi. Ya daɗe tsaye. Can ya tambaye ni, duk watannin nan ban taɓa kallonsu ba ko sau ɗaya? Na ce ban taɓa ba, na hana idona. Ya ce to me ya sa na zaɓi wannan. Na ce, "Hawaja, na ga ta sha hannu, ta koɗe, ta ragu. A wurinmu haka dattijo yake." Ya gyaɗa kai, bai dube ni ba. Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce in tafi Karantina, kada in zo gobe.

Na naɗe tabarmata da haramina na tafi. Saura kwana takwas Arfa. Unguwa ta fara yin fayau, kullum motoci na kwasar mutane. Ni ina zaune a rumfar Inna Talatu ina fasa mata itace. Wasu samari suka ce in bi su ta bayan duwatsu, a zagaye shinge da ƙafa. Na tuna tudun mai kwalekwale, na ce a'a. Na fara shirya zuciyata ga wata shekarar ta garwa da tsani, da kuma abin da zan sa a rubuta wa Hauwa, wadda shekara ukun da na ce mata ta riga ta cika. Ban ji haushin Hawaja ba. Ni ma da wani ya zubar mini da abin da ubana ya bar mini, ban san fuskar da zan nuna masa ba.

Saura kwana uku, da hantsi, na ji ana tambayar Garba mai guga a bakin lungu. Malamin ofis ne, ya tattare gefen jallabiyarsa saboda kwata. Ya zaro ɗan littafi daga aljihu, da hotona a ciki da hatimi. Ya ce Hawaja da kansa ya sa aka kai shi ofis jiya, da sandunansa, ya zauna a gaban Balaraben nan ya ce ba zai tashi ba sai an sa hannu.

Na ce, "Ya huce ke nan? In zo in yi godiya?"

Malamin ya ɗan sunkuyar da kai. Ya ce, "Ya ce in faɗa maka, takarda alkawari ce, ga ta. Ya ce ya san ba da gangan ka yi ba, kuma ka cece shi. Amma bayan Hajji ka nemi aiki wani wuri. Ya ce in ya gan ka, abin da ya rasa yake tunawa."

Na karɓa da hannu biyu. Inna Talatu ta yi guɗa. Ban sake ganin Hawaja ba. Am Salihu ya gaya mini daga baya cewa kafin shekara ta zagayo ya koma ƙasarsu.

Washegari na yi wanka, na ɗaura harami, na hau bayan wata babbar mota tare da mutanen Karantina, muna tsaye kafaɗa da kafaɗa. A shingen hanyar Makka aka tsayar da mu. Askari ya hau, yana bi ɗaya ɗaya. Ya sauke mutum biyu a gabana, ɗaya yana kuka yana roƙo. Ya zo kaina. Na miƙa littafin. Ya dubi hoton, ya dubi fuskata, ya sake duban hoton, ya mayar mini.

Ya ce, "Yalla."

Aka ɗaga sandar shinge, mota ta ja. Mutane suka ɗauki Labbaika gaba ɗaya. Na buɗe baki in bi su, murya ta ƙi fita, sai da muka yi nisa sosai sannan ta zo.